Sunan da Baffa Bai Taɓa Faɗa Ba

"Lafiya lau, sai gajiyar auren tsohuwa," in ji Kamalu, yana jingine babur a gindin darbejiya.

Kakarsa ce, Goggo Hindatu ta Gafasa, ta aika aka taso shi daga Gaya. Shekaranjiya wayar marigayi mijinta Baffa ta suɓuce mata ta faɗa rijiya, da layin da komai. Ba asarar wayar ce ta dame ta ba. Akwai muryar Baffa a ciki yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya, shekara biyu ke nan kullum sai ta saurara bayan sallar asuba. Tun da wayar ta nutse ko furar kirki ba ta sha ba.

"Miji ke nan, sai an aika masa sammaci," ta ce. "Kai da ƙafa kamar sillen kara, me ka kawo mini?"

"Sabuwar waya. Ki riƙe da kyau, kada ita ma ki yi mata wanka."

"Muryar tana ciki?"

"Tana akawun ɗin Baffa na intanet. Kamar rumbu ne, ko gida ya rushe hatsi na nan. Mabuɗin nake so, wato kalmar sirri."

"Kai ne ɗan boko, fasa ƙofar mana."

"Da layin bai bi ruwa ba, da an turo mana lamba. Mai shagon da ya buɗe masa akawun ɗin ya ce suna ne, shi kuma ya ƙara masa ɗaya zuwa huɗu a baya. Sunan wa kakana ya fi so?"

"Saniya mana. Sa Gudale."

Ya danna. "Ta ƙi."

"Yatsunka ne ba albarka. Sa Kyalla, ita yake ba dusa da hannunsa."

"Ita ma ta ƙi. Goggo, in muka yi ta cankar shanu rufe mu za a yi, kuma garken nan ya fi hamsin."

Sai ta hau murza bakin zane. Kamalu ya ga idonta ya kawo ruwa, tausayinta ya kama shi. Ya kira mai shagon ya saki maganar a fili, ko zai tuna wani abu.

"Sunan kam na manta," in ji mai shago. "Amma ban manta tsohon ba. Na yi na yi ya faɗa ya ƙi, sai da ajami ya rubuta mini a ƙasa da tsinke, ina gama kwafa ya share da ƙafa."

Kamalu ya kashe wayar yana kallonta. "Ruwa ba ya tsami banza. Goggo, Baffa ya taɓa jin kunyar sunan saniya?"

"Wane irin zance ne wannan?"

"Me yake ce miki?"

"'Ke' mana. In ya ji daɗi ya ce 'masu gida'. Shekara hamsin da biyu ban ji sunana a bakinsa ba, mu ba marasa kunya ba ne irinku."

Kamalu ya rubuta Hindatu, ya bi shi da lambobin. Akawun ya buɗe.

"Me ka sa?"

"Sunan wata tsohuwa mai jefa waya a rijiya."

Ta rufe baki da mayafi. Kamalu ya lalubo muryar ya kunna, sai ga Baffa yana kiran Gudale da Kyalla, tari na katse shi. Suka saurara har ya ƙare.

"Zan ɗaura akawun ɗin a kan sabon layinki," in ji Kamalu a hankali. "In canza kalmar, in sa sunan angonki na yanzu?"

"Taɓa ta ka gani." Ta yi dariya tana share ido. "Ka ci wannan karon, mummuna. Shiga ɗaki, akwai man shanu a ƙwarya, ɗauke duka. Amma kafin ka tashi, sake kunna mini."