Ranar Da Yatsana Ya Raba Wa Matan Liba Taki

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma har gobe ban yafe wa Turawa ba. Mutane da hankalinsu su ƙirƙiri kalmomi biyu masu fita iri ɗaya a baki, sannan su ce bambancinsu wata 'yar wutsiya ce da ake rataya wa ɗaya a sama. Wannan neman fitina ne.

Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Jega, bayan na ƙare ƙuruciyata a cinikin albasa. Malamarmu, Malama Rifkatu, 'yar Zuru ce mai haƙurin da ya wuce misali. Ita ta koya mana cewa its marar wutsiya na mallaka ne, kamar ka ce akuya da ƙafarta, shi kuwa it's mai wutsiya, it is ne aka gutsure. Don abin ya zauna, sai ta riƙa karanto jimla, in mai wutsiyar ne mu ɗaga yatsa mu lanƙwasa shi a iska.

Nan fa na samu sarauta. Ba wadda ke riga ni ɗaga yatsa. Ko rediyo ke Turanci ina tankaɗe, yatsana na sama (sauran maganar kuwa ruwanta, ni dai wutsiya nake farauta). A kasuwa na ishi kowa. Ƙawata Hajiya Kulu ta Aliero har ta fara kirana Baturiya, ni kuma na amsa, don a ganina gaskiya ta faɗa.

Sai wata ƙungiya ta tara mata masu harkar albasa a Jega. An zo daga Aliero, an zo daga Maiyama, matan Liba mota guda suka yi. Wata baƙuwa 'yar Kudu da ƙungiyar ta kawo ta miƙe, ba ta jin ko sannu, tafintan da aka ɗauko kuma mashin ɗinsa ya lalace a hanya. Ta yi wata doguwar magana tana waige-waige. Daga baya na ji cewa tambaya take ko akwai mai fassara. Ni abu ɗaya na tsinta a ciki: mai wutsiya ya wuce. Yatsana bai yi shawara da ni ba.

Matar ta washe baki ta yafito ni. Hajiya Kulu ta ingiza ni tana cewa, “Tashi Baturiya, yau ranarki ta!”

Mai hankali cewa za ta yi kuskure ne, ta zauna. Ni na gyara mayafi na karɓi lasifika.

Baƙuwa ta zuba Turanci kamar ana juye buhun gero. Na gane albasa. Na gane mata. Na kama wutsiyoyi da dama, ba wadda ta tsere mini. Baƙuwa ta dasa aya ta dube ni.

“Ta ce tana gaishe ku,” na ce.

Wata tsohuwa daga Liba ta ɗaga murya: “Ɗiyata, duk wagga magana gaisuwa ɗai ta? Mi tac ce za a ba mu?”

Ai kuwa baƙuwa ta ɗaga hoton wani rumbu da buhuna jere a gefensa. Na dubi buhunan, na dubi idanun matan nan, bakina ya yanke hukunci shi kaɗai.

“Taki za a raba. Kyauta. Kowa ta taho da buhunta ranar kasuwa.”

Guɗa ta tashi. Baƙuwa ta dafa ƙirji, tana murnar ba ta taɓa ganin matan da ke son darasin ajiyar albasa irin waɗannan ba (abin da ta zo koyarwa ke nan, yadda za a gina rumbu mai shan iska don kada albasa ta ruɓe). Har rungume ni ta yi. Matan Liba suka fita da wuri don kada mota ta bar su, suna sa mini albarka.

Fitarsu ke da wuya tafinta ya shigo yana sharce zufa. Hajiya Kulu ta tare shi: “Malam, buhu nawa-nawa za a ba kowa?”

“Buhun me?”

Ya yi magana da baƙuwa, ya juyo ya faɗi gaskiya a lasifikar da ke ɗauke da ɗumin hannuna. Hajiya Kulu ta dube ni sama da ƙasa.

“Baturiya, wanga Turanci naki na wace ƙasa na? Mu dai a kai mu can, tunda taki kyauta aka rabawa.”

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a tashar mota.

Abin da na koya shi ne, sanin abu ɗaya tak da kyau ya fi jahilci haɗari, don jahilci ko ba komai yana zaunar da mutum a kujerarsa.

Amma matan Liba ba su ji gyaran ba, kuma na san ranar kasuwa za su biya mota su taho da buhuna. Washegari da sassafe na hau kabu-kabu zuwa Liba, na ce a nuna mini gidan tsohuwar nan. Na same ta a tsakar gida ta riga ta wanke buhu biyu ta shanya. Na durƙusa na ce, “Inna, ina kwana? Kwashe buhunanki. Ni ce takin, ga ni na zo.”