Rasuwar Simbah, Kwamfutar Yayana

Da zuciyar da baƙin ciki ya yi wa nauyi, ni Retno Palupi, a madadin mahaifiyata da abokin aikina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu, wadda muke kira Simbah, wato Kaka. Ta cika ranar Talata da hantsi a ɗakin aikinmu da ke saman shagon mai shinkafa a unguwar Kaligawe, nan Semarang, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne a hannun yayana Sulistyo, Allah ya jiƙansa, tun ina sakandare. A kanta ya koyi gina shafukan intanet, a kanta kuma ya koya mini. Da ciwon zuciya ya ɗauke shi bara waccan, na ɗauko ta daga teburinsa na ci gaba da aikin da ya bari: manhajar da ungozomomin ƙauyukan bakin teku ke rubuta awon masu ciki a cikinta ta wayoyinsu.

Ba za mu yi mata shaidar zur don ta mutu ba. Simbah tana da nawa. Sai ka kunna ta, ka sauka ka sayo shayi, ka dawo ka tarar tana miƙa. Fankarta na gurnani kamar tsohon babur a kan tudu, in aiki ya yi mata yawa kuma ta kama tari, ƙar-ƙar-ƙar. Amma wannan nawar ita ce alherinta gare mu. Wayoyin ungozomomi tsofaffi ne, sabis kuma a ƙauyukan nan yana zuwa yana ɗaukewa. Duk shafin da ya buɗe a Simbah zai buɗe a hannunsu. Saboda ita muka koyi rage nauyin hotuna, muka daina lafta wa shafi kwalliyar da ba ta da amfani, muka tsara manhajar ta riƙe abin da aka rubuta har sabis ya dawo. Ba mu taɓa sakin sabon abu ba sai ya bi ta gabanta.

Ruwan tekun da ke shiga unguwarmu bai taɓa hawa bene ba, amma laimarsa da gishirinsa sun hau. Batirinta ya kumbura, wasu madannai suka daina amsawa. Na kai ta wurin Koh Liem mai gyara, ya buɗe cikinta ya share, ya ce in fara shiri domin tsatsa ta riga ta yi nisa.

Ana cikin haka abokin aikina Ginanjar ya sake gina shafin awo da wani sabon kayan aiki da kowa ke yabo. A sabuwar kwamfutarsa shafin na buɗewa kafin ka ƙifta ido, kuma yana so mu saki a ranar, don masu aikin suna jira. Na ce sai Simbah ta gani.

Ginanjar, wanda ke ce mini Mbak, wato Yaya, ya ce, "Mbak Retno, har yaushe za mu riƙa neman izinin tsohuwar nan?"

Na ce har ranar da ungozomomi suka fara yawo da irin kwamfutarsa a bayan babur.

Shafin ya buɗe mata da ƙyar. Muka cire mata intanet kamar yadda muka saba, muka rubuta awon gwaji, muka mayar. Awon ya ɓace. Da mun saki, duk ungozomar da ta auna hawan jinin mace a inda babu sabis, da ta iso gari ta tarar babu komai, alhali da wannan awon ake gane wadda za a tura asibiti kafin naƙuda. Ginanjar ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, muka shiga gyara, Simbah na tari muna lallaɓa ta, har zuwa safiyar Talata.

Akwai abin da sai na gida suka sani. Yayana ya yi mata wata dabara tun yana raye: duk lokacin da gwaji ya wuce lafiya, maimakon ƙararrawa, muryarsa ce ke fitowa daga cikinta, da 'yar dariya a ƙarshe.

"Ya yi, Dik, ƙanwata. Tashi ki ci abinci."

Ranar Talata ta faɗa, sarai kamar kullum. Daga nan fankar ta tsaya, fuskarta ta yi baƙi. Na danna, na sake dannawa. Ɗakin ya yi shirun da ban san shi da shi ba.

Aikinmu bai salwanta ba, domin duk rubutun manhaja yana da kwafi a wani wuri. Muryar ce ba ta cikin kwafin. Koh Liem ya ciro faifan ajiyarta ya gwada duk abin da ya sani, sannan ya kira ni ya ce gishiri ya cinye shi. Ginanjar ya bi tsofaffin ajiyarmu ɗaya bayan ɗaya ba tare da na roƙe shi ba. Da ya gama ya zo ya tsaya a bakin teburina, na ɗaga kai na gane, ba sai ya faɗa ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja mai ɗaurin tef, da linzamin kwamfuta mai danna ɗaya, da manhajar da ke aiki a ƙauyuka har yanzu. Ta bar ni, ta bar Ginanjar. Ta kuma bar mahaifiyata, Ibu Warsini, wadda ba ta san komai game da kwamfuta ba, amma takan hau benen nan da gwiwoyinta masu ciwo, da kwanon miya a hannu, ta tambaya ko yau akwai gwaji, ta zauna ta jira.

Za a yi sallama da ita ranar Asabar bayan la'asar a shagon Koh Liem. Zai cire abin da wata kwamfutar za ta mora, saura a miƙa wa masu narka ƙarfe. Daga nan za a zauna a gidan mahaifiyata, akwai shayi da lumpiya, soyayyen naɗin fulawa mai haɗi a ciki. Mai son yi mana ta'aziyya kada ya kawo furanni, ya kawo tsohuwar wayar da ya daina amfani da ita, domin gwaji ba zai tsaya ba.

Mahaifiyata ta nemi a ciro mata gefen da ke ƙasan madannai, inda tafin hannun ɗanta ya goge fentin har ya yi fari. Muna roƙon masu zuwa kada kowa ya ce mata ai ƙarfe ne kawai. Ta sani.