Rasuwar Goggo Borghild, Na'urar Kofin Hawa na Uku

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, Torunn Vikse ta sashen biyan diyya, a madadin ma'aikatan kamfanin inshorar jiragen ruwa da ke birnin Bergen, tana sanar da rasuwar na'urar dafa kofinsu, wadda kowa ke kira Goggo Borghild. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Litinin, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani, kowa kuma ya ɗauka wani ya kai rahoto.

Marigayiyar ba ta san gaggawa ba. Sai ta yi "gurrr", ta yi tsaki, ta numfasa, kafin ta ɗigo. Wannan jira shi ne alherinta, domin tun da aka rage ma'aikata aka ninka aiki, mutum kan aika wa na kusa da shi imel, ya tura wa shugaba kwafi. A gabanta kaɗai ake buɗe baki. Nan Torunn ta tarar da abokin aikinta Eivind, bayan doguwar gaba a kan wani saƙo da ya rubuta mata da manyan baƙaƙe.

"Ni ka yi wa tsawa, Eivind?"

"Wace tsawa, baiwar Allah? Madannin manyan baƙaƙe ne ya maƙale, ban samu sukunin gyarawa ba."

Kafin kofi ya cika sun shirya.

Da ciwo ya yi tsanani, sai ta koma ba da ruwan ɗumi mai launin ƙasa, masu sauri suna yi mata magani da naushi. Torunn ta rubuta wa mai gyara, amsa ta dawo cewa yana hutun jinya, gajiyar aiki ta kayar da shi. Kalmar Goggo ta ƙarshe ita ce "tsss".

Ta rasu ta bar buta mai yoyo, da kofuna marasa wanki, da ƙaninta firinta mai buga takardu, wanda shi ma yau lafiya gobe ciwo.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da hantsi a kicin, daga nan a raka ta wurin tara tsofaffin na'urori, ko ana ruwan sama. Shugabanni sun nemi a yi jana'izar ta bidiyo, Torunn ta ƙi. Za ta kawo waina da cuku mai launin ruwan ƙasa. Ana roƙon kowa ya zo da ƙafarsa, ya yi ta'aziyya da bakinsa. Wanda ya manta sunan maƙwabcin teburinsa ya tambaya, ba za a kai ƙararsa ba.