Ganyen da ke kan lambar Sarjan

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ƙarfe huɗu da minti goma na yammar wata Alhamis, lokacin da na juye taurarin kakana cikin kofin shayi.

Kakan nan nawa sojan Faransa ne tun zamanin da, daga Nijar aka ɗauke shi, bayan ya ajiye kaki ya zauna Abidjan yana kasuwanci har ya rasu. Kowa Sarjan yake ce masa. Da aka yi wa yayana haihuwa aka ce za a mayar da sunan Sarjan, sai Kawu Isufu ya kawo min lambobin yabonsa guda huɗu har gidanmu a unguwar Bromakoté. Ya ce tunda ni ke karatun tarihi, in gyara su, in sa a gilashi, ranar Asabar wurin suna in yi wa jama'a bayani. (Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.)

Kowace lamba tana rataye da ƙyallenta mai launi, a kan ƙyallen kuma akwai ƙananan abubuwa: taurari, da 'yan sandunan ƙarfe masu rubutu. Na ga ƙyallayen sun yi dauɗa, sai na cire komai a hankali, na wanke, na shanya. Har hoto na ɗauka saboda tsari. Sai da suka bushe na lura bayan na cire na ɗauki hoton.

Wanne ke kan wanne? Na duba littafi, na duba waya, kaina ya ƙara kullewa. Ashe tauraron tagulla daban, na azurfa daban, ja kuma na wanda aka ji wa rauni ne. Sanda mai rubutun Algérie ta nuna min gidanta da kanta, mai Extrême-Orient kuwa, wato Gabas Mai Nisa, na ɗora ta a ƙyalle biyu, duka ta zauna daram. Ga kuma wani ɗan ganye ruwan zinariya mai lanƙwasasshiyar waya a baya, wanda ban ga irinsa a ko'ina ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Washegari na yi ƙaryar zuwa laburare, na shiga woro-woro, tasin haɗaka, daga Adjamé na tsallaka gada zuwa kasuwar Treichville, wurin wani dattijo mai sayar da tsofaffin lambobi ga masu tara su. Ya taimake ni ƙwarai, ya mayar da taurari da sanduna kowanne mazauninsa. Da ya zo kan ganyen sai ya juya shi, ya sa tabarau, ya cire tabarau. Ya ce akwai ganye da ake sa wa wanda aka ambaci sunansa gaban rundunar soja gaba ɗaya, shi ne mafi girma, amma wanda ya sani ya fi wannan tsawo, shi dai ba zai rantse ba.

Ni kuwa "mafi girma" kawai na ji. Na ce a raina ƙila na sojojin Afirka ne aka yi ƙarami. Na soke shi a tsakiyar ƙyallen lambar yaƙi, sama da taurari.

Ranar Asabar a unguwar Arras, bayan an raɗa suna, Kawu ya miƙo min makirfo ya ce, "Ga malamarmu." Na bi lambobin ɗaya ɗaya. Da na ga mutane suna gyaɗa kai sai bakina ya buɗe. Na nuna ganyen na ce wannan ba kowa ake ba ba, wannan shaida ce an kira sunan Sarjan gaban dukan runduna. Har na ƙara da cewa ba mamaki janar ne ya maƙala masa da hannunsa. (Wallahi ban san inda janar ɗin ya fito ba.)

Kawu ya share hawaye. Maroƙi ya ɗauka ya yi ta zagaya rumfa da ita, "Jikan mai ganyen zinariya!" Wani Alhaji ya ce shekara da shekaru yana zama da Sarjan bai taɓa jin wannan ba, wani ya ce ai manya ba sa faɗa.

Duk wannan Inna, matar Sarjan, kakata, tana zaune bakin ƙofa tana ji. Idonta ya yi rauni, sai ta ce a kawo mata ta taɓa. Aka buɗe gilashin. Ta shafa taurarin ta wuce, ta zo kan ganyen ta tsaya. Ta tambaye ni, a gaban kowa, wane janar ne na ce. Na ce littafi bai kawo sunansa ba. Ta ce to a ina na samo labarin. Na ce bincike na yi, har kasuwar Treichville na je. Makirfon yana hannuna, a kunne, kowa ya ji.

Daga ranar na koyi cewa kafin in tsallaka gada neman amsa, in fara leƙa ɗakin tsohuwar da aka yi abin a gabanta. Don Inna zare ganyen ta yi, ta kai shi kunnenta na hagu, ta ce:

"'Yar boko, ɗan kunnena ne. Ranar wani faretin tsofaffin sojoji ƙyallen ya yage, muna bakin ƙofa, babu allura, na cire na kama masa da shi. Na yi ta tambaya ya ƙi maido min har ya tafi. Ɗayan yana cikin akwatina. Ki gaida janar."