Ranar da Na Ce Za a Jefe Magen Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara taka filin jirgin Madina, a farkon shekarun dubu biyu. Ina amarya, an ɗaura aure a Kano, ango yana can yana jira. Sauran amare akwatunan atamfa suke zuwa da su. Ni kuwa keji na rungumo, da mage a ciki.

Sunanta Ladi, magen Innata ce. Inna ta rasu kafin bikin, kuma a jinyarta Ladi ba ta bar gefen ƙafarta ba. Inna ta ce da ni, "Kar ki bar ta ta shiga gidajen mutane tana roƙo." Sai na yi rantsuwa cewa da ita zan tare. An yi mini dariya har an gaji, na kai ta wajen likitan dabbobi aka yi mata allura, aka ba mu takardu, muka biyo ta Alƙahira ni da Yaya Sani, yayana da ya rako ni.

Yaya Sani ba ya jin Larabci. Ni ce na ce ya kwantar da hankalinsa, ai na yi Islamiyya (har na taɓa zuwa ta biyu a nahawu, kuma duk unguwa sai da suka ji).

Tun a jirgi nake ta saƙe-saƙe. In suka ƙwace ta fa? In suka ce a mayar da ita, wa zan ba? Da muka sauka aka nuna mana wani ɗan ofis a gefe. A ciki akwai wani dattijo baƙi, da farar riga irin ta likitoci. Ya juya takardun, ya leƙa kejin, ya nuna wajen allurar yana girgiza kai. Ya yi wani dogon Larabci mai gudu wanda ban taɓa ji a aji ba. Kalma ɗaya na tsinta.

"Hajar?" na tambaya.

Ya ce, "Aiwa, hajr. Lazim."

To ni hajar ɗaya na sani: dutse. Na juya wajen Yaya Sani.

"Yaya Sani, jifanta za su yi!"

"Jifa? Wace irin jifa?"

"Da duwatsu! Ya ce dole ne!"

Na zube a ƙasa na ƙanƙame kejin, ina kuka ina salati. Ladi ma ta kama nata. Masu umara da ke layi suka zo suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Yaya Sani, bawan Allah, ya cire hula yana ta faɗin "la, la", wato a'a, domin ita kaɗai ya iya. Dattijon ya miƙo hannu zai karɓi kejin, ni kuma na buɗe baki da Hausa, tunda a ganina ba mai ji.

"A garin Manzon Allah za ku jefe marainiya? Mugu kawai, da ƙaton kai kamar tulu!"

Ya janye hannunsa. Ya cire tabarau a hankali, ya goge, ya mayar.

"Ɗiyata," ya ce, da wata Hausa irin ta tsofaffi, "ba dutse ba ne. Killace ta za mu yi, mu ga lafiyarta, don allurar sabuwa ce. Tana cika kwanakinta ki zo ki ɗauka." Ya shafa kansa. "Shi kuwa kan, gadon gidanmu ne."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na miƙa kejin ban ɗago ba. A hanya na sa Yaya Sani ya yi alkawarin ba zai gaya wa ango ba.

Makonnin nan ban ci abinci da daɗi ba. A gidan dangin mijina da ke Uhudu kowa yana tsammanin kewar gida ce. Ni kuwa tunani biyu nake yi: ko Ladi tana cin abincinsu, da kuma da wane ido zan koma ofishin nan.

Ashe ba sai na koma ba. Wata Juma'a bayan la'asar maigidan ya leƙo yana murna.

"Fito ki gaida Kawu Usman, ƙanin mahaifiyata ne. Ya ce ya zo miki da amana."

Na zo bayan labule na durƙusa. Sai na ji kukan Ladi, sannan na ji muryar dattijon nan na filin jirgi.

"Amarya, ga marainiyarki. Ko tsakuwa ba ta taɓa ta ba."

Maigidan ya ce, "Au, kun san juna?"

"Ƙwarai. Har ta yaba mini kaina."

Na saci kallon kan mijina ta gefen labule. Iri ɗaya sak. (Yaranmu uku ma duk sun ɗauko shi.)

Ladi ta tsufa a gidan, ta yi ƙiba da hantar rago. Kawu Usman bai taɓa ba kowa labarin ba, sai dai duk sallah in na gaishe shi yakan tambayi lafiyar nahawuna. Ni dai tun ranar na koyi tambaya kafin in zube a ƙasa. Kuma a Madina, in zagi ya zo mini baki, haɗiye shi nake yi, don ban san wa ke jin Hausa ba, balle wanda zai zama surukina.