Tukunyar da Na Ciro daga Kogin Ganga

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa, da safiyar da na faɗa kogin Ganga da riga da wando a jikina. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunya ta rufe ni, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni ɗan Zuru ne, a unguwar Rikoto aka haife ni, kuma kamar yawancin samarin unguwarmu aikin soja na shiga, don Baba ma soja ne kafin ya ajiye kaki ya koma gonar dawarsa. A shekarun nan da wayar salula ta fara shigowa garinmu aka tura ni kwas a Indiya. Duk abin da na sani game da ƙasar a finafinai na gan shi, wato rawa da waƙa da kuka a cikin ruwan sama. Wanda aka haɗa mu ɗaki ɗaya wani sojan ƙasar ne mai suna Mohan, mutum mai sanyin hali. Lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni shi ya yi ta jinyata, yana ɗura mini shayi mai citta, har na miƙe.

Ana tsakiyar kwas mahaifinsa ya rasu. Ya tafi gida a ranar, ni kuwa sai ƙarshen mako na samu izinin bin sa. Na tarar an riga an yi jana'iza irin tasu, Mohan ya aske kansa ƙwal, kuma washegari zai kai mahaifiyarsa Haridwar, wani gari a bakin kogin Ganga inda mabiya addinin Hindu ke zuwa ibada, don su ƙarasa abin da ya rage. Ya ce in huta a gida. Na ce ba ta yiwuwa. A wurinmu, in aka yi wa abokinka mutuwa ba ka yi masa gaisuwa a bakin ƙofa ka juya, kai ne mai ɗebo ruwa, kai ne mai jera kujeru, inda ya sa ƙafa nan kake sawa.

Na san suna ƙona gawa, wannan an gaya mini. Abin da ake yi bayan nan ne ban sani ba, kuma ban tambaya ba. (An ce matambayi ba ya ɓata, to amma ni a lokacin ina da igiya biyu a hannu da girman kai mai igiya goma.) Na dai yanke wa kaina hukunci cewa wanka za a kai tsohuwa ta yi, irin na fita daga makoki.

Mahaifiyar Mohan 'yar ƙaramar tsohuwa ce, sanye da farin zane. Tun daga gida har muka shiga jirgin ƙasa tana rungume da wata 'yar tukunyar ƙasa da aka naɗe da jan ƙyalle. Ba ta ajiye ta a ƙasa ba, ba ta sa ta cikin jaka ba. Ni kuma ban saba ganin babba da kaya ina tafe hannu sake ba, sai na miƙa hannu na ce, "Mama, kawo in riƙe miki." Ba ta jin Turanci, amma ta gane. Ta ƙara matse tukunyar a ƙirjinta, ta girgiza kai. Na ce a raina lallai abin da ke ciki mai daraja ne, wataƙila awarwaron aurenta ne. A nan kaɗai na canki rabin gaskiya.

Da sassafe muka isa bakin kogin. Matakala ce doguwa mai faɗi, tana sauka daki-daki har ta shige cikin ruwa, mutane maƙil a kanta. An kafa sarƙoƙi a gefe don masu wanka su riƙe, saboda ruwan yana gudu da ƙarfi. Ga ƙararrawa ana ta kaɗawa, ga hayaƙin turare, ga furanni suna yawo a kan ruwa. Na ga wani tsoho wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, 'ya'yansa sun tallabe shi har suka tsoma shi, ya fito yana rawar sanyi yana hawaye. Ni ɗan coci ne tun ina goye, ba addinina ba ne, amma jikina ya yi sanyi. Wuri ne da mutane suka kawo nauyin zuciyarsu, ko makaho zai ji hakan.

Aka ce a cire takalma. Na ce su ba ni in tsare, na tsaya can sama kaɗan. Mohan da mahaifiyarsa da wani limamin addininsu suka sauka zuwa matakalar ƙarshe, suka zauna, aka shiga karatu. An daɗe. Mutane suna ta gittawa tsakanina da su, ina hango su ina rasawa.

A nan dole in faɗi wani abu game da renon da aka yi mini. A rafin da ke bayan unguwarmu, da damina, ruwa yakan ƙwace wa mata ƙwarya ko tulu ko zanen wanki. Doka ce da ba wanda ya rubuta: namijin da ya iya ruwa ba ya tsayawa kallo. Na taɓa tsayawa, wata tsohuwa ta rasa ƙwaryarta ina gani, uwata ta ji labari ta zane ni da tsumagiya. Tun daga ranar jikina ya daina shawara da kaina a kan wannan.

To, sai mutane suka ɗan dare, na hango tukunyar nan mai jan ƙyalle a kan ruwa tana juyawa, tana nisa. Na ga tsohuwa ta miƙa hannuwa biyu wajenta, ta saki wani irin kuka. Abin da ta riƙe tun daga gida, abin da ta hana ni taɓawa, ga shi ruwa zai tafi da shi.

Na watsar da takalma. Na keta mutane, na tsallake sarƙa, na faɗa. Ruwan ƙanƙara ne, ya sare ni har cikin ƙashi. Na ji ana ihu a bayana, na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa ake yi. (Wallahi har daɗi na ji.) Na cim mata tana gab da nutsewa, na cafke ta, na ɗaga ta sama da hannu ɗaya, na yi ta kokawa da ruwa har na kama sarƙa can ƙasa. Na tako matakalar ruwa na zuba daga jikina, na zo gaban tsohuwa, na durƙusa kamar yadda ake yi wa manya a gida, na miƙa mata da hannu biyu. Har da murmushi.

Ba wanda ya karɓa. Limamin ya daina karatu, bakinsa a buɗe. Waɗanda ke kusa suka ja da baya. Sai a lokacin na lura ƙyallen ya kwance, wani abu ruwan toka yana gangarowa ta yatsuna zuwa gwiwar hannuna.

Mohan ya matso. Idanunsa sun yi ja, amma bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan'uwana, wannan mahaifina ne. Tokarsa ce. Kogin muka kawo wa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na kasa tashi, na kasa ajiye tukunyar. Mohan ya ƙara da cewa, a hankali, dogon zaman da na ga sun yi lallashin mahaifiyarsa ake yi, don ta ƙi sakin tukunyar. Da ƙyar ta buɗe hannu. Wato abin da ya fi komai wuya a rayuwarta ta samu ta yi, ni kuma na yi iyo na dawo mata da shi don ta sake yi daga farko.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon tukunyar. Sannan ta sa hannu ta karɓa, ta gyara ƙyallen, ta goge gefenta da bakin zanenta. Ta faɗi wata magana da harshensu. Na ga Mohan ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi, ban san kuka yake yi ko dariya ba, ina jin duka biyun ne.

Ya ce, "Ta ce tun da aka yi musu aure mahaifina bai taɓa fita gida sau ɗaya ya tafi ba. Kullum sai ya dawo daga bakin ƙofa ya ce ya manta wani abu."

Ta yi wa tukunyar magana ƙasa-ƙasa, irin yadda mace ke sallamar mijinta. Sannan ta kama hannun ɗanta, ta kama nawa hannun mai toka, muka saukar da ita har ruwa ya kai mata gwiwa. Wannan karon ba wanda ya lallashe ta. Ta ɗora tukunyar a kan ruwa, ta janye hannunta, amma ba ta saki nawa ba. Ta riƙe ni gam har jan ƙyallen ya ɓace. Har yau ban sani ba ko jingina take yi da ni, ko tsare ni take yi kada in sake faɗawa.

Da na dawo Zuru na ɓoye labarin, sai Baba kaɗai na gaya wa, muna zaune a gindin mangwaron ƙofar gida. Na zata zai yi dariya. Sai ya ce, "Mi ya hana ka tambaya tun a hanya?" Na ce kunya. Ya ce, "To ga ta nan ka samu babba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma matar nan ta yi maka alheri, yaro. Ta ɗauke maka kaya alhali nata ya fi nauyi. Ka riƙa sa ta a addu'a."

Ina sa ta. Kuma na koyi cewa ba duk abin da ka ga ruwa ya ɗauka ne ya suɓuce ba, wani da hawaye aka sake shi. Yanzu in na ga mutum yana kuka a bakin kogi, sai na fara gaishe shi in tambayi abin da ya faru, kafin in nuna masa na iya iyo.