Ranar da Mesata Ta Gaida Baƙi

Har in bar aikin koyarwa ba na jin zan manta da ranar baje kolin kimiyya a makarantarmu ta Yelwa.

Wata 'yar mesa masunta suka ciro a koma, na karɓe ta na sa a akwatin gilashi a ɗakin gwaji, dab da taga, kan jiƙaƙƙen yashi (a lissafina, tunda daga tafki ta fito, laima take so). Da damina ta yi nisa sai ta daina cin ɓera. Ta riƙa ɗaga kai sama, baki buɗe, tana wani siririn fito. Ni kuwa daɗi na ji, na ce ta saba da ni.

Ranar bikin, shugaban makaranta da kansa ya jawo baƙi wurina yana ta yabona. Cikinsu akwai wata likitar dabbobi da muka yi jami'a tare, wadda na sha yi wa dariya wai za ta ƙare a duba awaki. Na gyara tsayuwa na ce, "Ku saurara, gaishe ku take yi." Har aka yi tafi.

Likitar ba ta tafa ba. Ta sunkuya ta kasa kunne, ta buɗe bakin mesar a hankali, ta nuna min kumfar majina.

"Malam, yaushe rabonta da abinci?"

Na ce an ɗan kwana biyu.

"Wannan ba gaisuwa ba ce, numfashi take nema. Sanyi da ƙazanta sun taɓa huhunta. Maciji ba ya iya tari, shi ya sa kake jin fito. Ɗumi take buƙata da busasshen wuri."

Shugaba ya ja da baya ya ce, "Dama na sha gaya masa." (Wallahi bai taɓa ba.)

Ta yi mata allura, na canza akwati, na sa kwan lantarki don ɗumi. An makara. Da hannuna na binne ta bayan ɗakin gwaji, ɗalibai na leƙe ta taga. Har yau in na shiga aji sai wani ya yi fito daga baya.

Yanzu ko kaza ce ta yi min kallon da ban gane ba, wurin likita nake kai ta kafin in gayyaci jama'a.